Yadda Ake Fitar da Katin 'Yan Ƙwallo Daga Ƙwansonsa Ba Tare da An Lalata Shi Ba

A ɗauki misalin ɗalibin da ke bin hanyar Kwalkwalawa kullum zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ya tara kuɗi, ya sayi katin Ahmed Musa na gasar cin kofin duniya ta 2018 a eBay, wani ɗan'uwansa ya taho masa da shi daga waje. Katin ya iso a rufe cikin roba mai tauri, da 'yar takarda a samansa ɗauke da lamba 9. A hanya gefen robar ya tsage. Abokai suka ba shi shawara iri biyu: wasu suka ce ya fasa ya fitar da katin, wasu suka ce ya kai shagon kwamfuta a yi masa lamineshin kamar takardar sakandare.

Shawara ta biyu kashe katin za ta yi nan take. Ta farko kuwa tana iya zama daidai, amma sai an san abin da za a rasa da kuma yadda ake yin aikin. Wannan darasi zai bayyana mene ne wannan roba, lokacin da ya dace a fasa ta, kayan aikin da ake buƙata, matakan da ake bi, da yadda za a adana katin a yanayi irin na Sakkwato.

Wane irin kati ake magana a kai?

Ba katin karta ake nufi ba. Katuna ne masu hoton 'yan wasa ko taurarin wasannin yara irin su Pokémon, waɗanda kamfanoni kamar Panini da Topps ke bugawa domin masu sha'awar tarawa. Girman mafi yawansu inci 2.5 ne a faɗi, 3.5 a tsawo, wato ba su wuce tafin hannu ba. Wanda ya taɓa tara hotunan 'yan ƙwallo na cikin cingam yana yaro ya san asalin sha'awar. Kamfanin Panini, wanda aka kafa a birnin Modena na Italiya a 1961, ya fara fitar da kundin hotunan gasar cin kofin duniya a 1970. Da Najeriya ta je gasar karon farko a Amurka a 1994, su Rashidi Yekini sun shiga kundin.

Yanzu harkar ta wuce wasan yara. A 2022 an sayar da katin Pelé na 1958 kan dala miliyan 1.33. A watan Agustan wannan shekarar kuma, katin Mickey Mantle na 1952, ɗan wasan ƙwallon gora na Amurka, ya kai dala miliyan 12.6 a gwanjo. Mafi yawan katuna ba su kai ko kusa da haka ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: lafiyar kati ita ce kuɗinsa.

Mene ne ƙwanso, kuma yaya ake rufe shi?

Mai saye daga nesa ba ya iya riƙe kati a hannu ya duba. Shi ya sa aka samu kamfanonin tantancewa. Mafi shahara shi ne PSA, wanda ya fara aiki a Amurka a 1991. Akwai SGC da ya fara a 1998, da Beckett da ya fara tantancewa a 1999, sai CGC da ya shigo harkar katuna a 2020. Ana aika musu kati, su tabbatar na gaske ne, su duba abubuwa huɗu: daidaiton hoton a tsakiya, kaifin kusurwoyi, lafiyar gefuna, da tsabtar fuskar katin. Daga nan sai su ba shi maki daga 1 zuwa 10.

Bayan an ba da maki, sai a sa katin tsakanin ɓari biyu na roba mai tauri, tare da 'yar takarda mai ɗauke da sunan ɗan wasa, shekara, maki, da lambar shaida. Wannan robar ita ce ƙwanso, masu harkar kuma suna ce mata silab. Ba gam ake sa wa ba, ba kuma kusa ake ɗaurawa ba. Wata na'ura ce ke aika girgizar sauti mai saurin da kunne ba ya ji, girgizar ta haifar da zafi a daidai layin da ɓarin biyu suka haɗu, robar ta narke ta zama abu ɗaya. Da gangan aka yi shi haka don kada ya buɗu sai ya fashe. Duk wanda ya buɗe shi zai bar alama.

Bambancinsa da lamineshin

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A lamineshin, injin na amfani da zafi ya narkar da gam ɗin da ke jikin leda, gam ɗin ya kama takardar gaba da baya. Idan aka zo ɓarewa, leda na tahowa da tawada da fatar takardar. Katin da aka yi wa lamineshin ya tashi daga aiki a wajen masu tarawa, kuma ba zai samu makin lafiyayyen kati ba.

A cikin ƙwanso kuwa, babu abin da ya manne wa katin. Zaune kawai yake a cikin gurbin da aka yi daidai girmansa. Shi ya sa ake iya fitar da shi lafiya ƙalau idan hannu ya natsu. Haɗarin duk yana wajen fasawar ne.

Abin da ake rasawa da zarar an fasa

Makin na ƙwanso ne, ba na katin ba. Muddin katin na rufe, lamba 9 ɗin nan shaida ce da kowa zai iya dubawa a shafin kamfanin ta hanyar shigar da lambar shaida. Da an fitar da shi, ya koma kati mara maki, kuma garantin kamfanin ya faɗi. Ko da an ajiye takardar makin a gefe, babu mai saye mai hankali da zai yarda cewa wannan katin ne aka ba makin.

Idan aka sake aikawa, ba dole ba ne ya dawo da makinsa na da. Mutane ne ke tantancewa, kuma ido ya bambanta. Katin da ya samu 9 zai iya komawa 10, zai iya tsayawa a 9, zai iya faɗowa 8. Ga mazaunin Sakkwato lissafin ya fi nauyi, domin katin sai ya yi tafiya zuwa ƙasar waje ya dawo, kuma kuɗin tantancewa da na aikawa da na inshora duk da dala ake lissafa su.

A ƙaddara kati mai maki 9 yana sayuwa dala 40, mai maki 10 kuma dala 120, sannan tantancewa da aikawa za su ci dala 70. Idan ya haura 10, bayan an cire kuɗin da aka kashe, ƙarin da aka samu dala 10 ne kacal. Idan ya tsaya a 9, an yi asarar dala 70. Irin wannan lissafin ya kamata a fara yi a takarda kafin a ɗauki filaya.

Yaushe ya dace a fasa?

Akwai dalilan da suka karɓu. Na farko, idan ƙwanson ya tsage har ruwa ko ƙura na shiga, ko tsinin robar na barazanar taɓa katin. Na biyu, idan makin ya yi ƙasa sosai har katin ya fi sayuwa ba tare da shi ba. Na uku, idan mai katin na son ɗan wasan ya sa masa hannu a kai. Na huɗu, idan katin na wasa ne kamar Pokémon ko Yu-Gi-Oh kuma ana son a buga da shi. Na biyar, idan mutum na son jera katunansa a kundi don kansa, ba don kasuwa ba.

Kafin a yanke shawara, a san cewa kamfanonin na da hanyoyin da ba sai mutum ya fasa da kansa ba. Idan ƙwanso ne kawai ya lalace, ana iya mayar musu su sauya sabo, kuma makin kan tsaya muddin katin bai taɓu ba. Idan ana ganin an tauye maki, ana iya aikawa a rufe a nemi su sake dubawa. Idan kuma daga wani kamfani ake son komawa PSA, ana aikawa a rufe a faɗi mafi ƙarancin makin da za a karɓa. Idan bai kai ba, sai su dawo da shi yadda yake, ko da yake kuɗin aikin ba ya dawowa. Katin da ke da tsada sosai, waɗannan hanyoyin sun fi masa aminci.

Kayan aiki

Mafi yawansu ana samunsu a kasuwa ko wajen masu gyaran waya:

1. Filaya mai kaifin baki, irin wadda masu wayarin ke yanka waya da ita.
2. Sukudireba mai faɗin baki, ƙarama.
3. Siririyar robar da masu gyaran waya ke buɗe bayan waya da ita.
4. Farin gilashin kare ido. Ɓarɓashin robar na tashi da ƙarfi, kuma yana da kaifi.
5. Tawul mai tsabta, da tebur mai faɗi wanda ba ya girgiza.
6. 'Yar leda mai laushi ta katuna, da roba mai tauri da ake zura katin a ciki bayan an sa shi a leda.
7. Haske mai kyau, da waya don ɗaukar hoto.

Kada a fara aikin idan ledar da robar ajiyar ba su iso ba. Katin da aka fitar aka rasa inda za a sa shi ya fi shiga haɗari.

Matakan fasawa

Mataki na 1: A ɗauki hoton ƙwanson gaba da baya, lambar shaida ta fito sarai. A shigar da lambar a shafin kamfanin ko manhajarsa, a tabbatar bayanin ya yi daidai. Idan bai yi daidai ba, a dakata. Ƙwanson da ke rufe shi ne hujjar da za a nuna wa wanda ya sayar, kuma da an fasa shi hujja ta tafi.

Mataki na 2: A shirya wuri. A rufe taga, a kashe fanka, a nisanta yara da kofin shayi. A wanke hannu da sabulu a bushe shi sosai. Wanda ya tsaya ya ci soyayyen kifi a Kwalkwalawa kan hanyarsa ta dawowa, ya wanke sau biyu, domin maiƙo na barin zanen yatsa a fuskar kati mai sheƙi. Hannu mai tsabta ya fi safar auduga, saboda safa na rage jin abin da aka riƙe, zarenta kuma na iya kama kusurwa.

Mataki na 3: A gane inda za a yanka. Saman ƙwanso, inda takardar maki take, shi ne wuri mafi nisa da katin. A nan kaɗai ake sa ƙarfe. A riƙe ƙwanson a tsaye a ɗan bubbuga shi a hankali a tafin hannu don katin ya zauna a ƙasan gurbinsa.

Mataki na 4: A sa gilashi, a lulluɓe ƙwanson da tawul a bar saman kawai. A kama kusurwar sama da bakin filaya, ɗan kaɗan, a datse. A yi haka a ɗaya kusurwar. Idan ramin bai fito ba, a ƙara gutsura kaɗan-kaɗan. Kada a yi ƙoƙarin cire babban yanki a cizo ɗaya, domin tsaga na iya gudu ta gangara kan katin.

Mataki na 5: A karkaɗe ɓarɓashin gaba ɗaya daga tawul da tebur kafin a ci gaba. Ƙwayar roba ɗaya tak idan ta shiga ciki tana iya jan layi a fuskar katin.

Mataki na 6: A kwantar da ƙwanson a tebur. A zura bakin sukudireba a ramin da ya buɗe, a daidai wajen takardar maki, a murɗa a hankali kamar ana buɗe kwaɗo. Za a ji ƙas-ƙas, ƙarar haɗin robar ce ke saki. A matsa gaba kaɗan a sake murɗawa har saman ya rabu. Bakin ƙarfen kada ya taɓa fuskantar katin.

Mataki na 7: Da saman ya buɗe, a ajiye ƙarfe a ɗauki siririyar robar masu gyaran waya. A bi gefe ɗaya da ita zuwa ƙasa, sannan ɗaya gefen. Kada a lanƙwasa ƙwanson, domin duk lanƙwasar da ya yi katin ma ya yi ta.

Mataki na 8: A ɗaga ɓarin sama ya tashi gaba ɗaya, kamar murfin kwano. Babban kuskure shi ne a ga ƙofa ta ɗan buɗe a jawo katin ta ciki. Bakin robar da ya fashe zai kankare shi. Bayan murfin ya tashi, a ɗan karkata ɓarin ƙasa katin ya sauko a kan hannu, a riƙe shi ta gefuna, a zura shi cikin leda nan take.

Ƙwansunan ba iri ɗaya ba ne. Na PSA bai cika kauri ba, yana saurin saki. Na Beckett ya fi kauri da taurin kai, amma katin na cikin wata ledar ta ciki da ke ba shi kariya. Ita ma sai an yanke bakinta da almakashi nesa da katin. Na SGC yana da baƙin firam da ya kewaye katin, kuma wajen ɗaga shi ne ake yawan taɓa gefe. Wanda bai taɓa yi ba, ya fara koyo da kati mai arha.

Abubuwan da ba a yi

Ba a amfani da guduma, ko zarto, ko injin yankan ƙarfe. Girgiza da garin roba za su cika cikin ƙwanson. Ba a kusantar da wuta, ko dutsen guga, ko na'urar hura zafi ta masu gyaran waya, domin zafin da zai narkar da roba ya isa ya lanƙwasa kati. Ba a zuba fetur, ko sinadarin goge farce, ko sipirit don a sassauta haɗin. Ba a sa reza, saboda takan zame ta yanki yatsa ko kati. Ba a kuma yin aikin cikin gaggawa ko a duhu da fitilar waya a baki. Idan babu wuta, a jira gari ya waye.

Adana kati a yanayin Sakkwato

Katin da ya fito daga ƙwanso yana da maƙiya uku a wannan yanki. Na farko zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, cikin mota da aka rufe ko ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Hasken rana kai tsaye na kashe launin kati, yana kuma dusar da tawadar sa hannu. Wurin ajiya shi ne cikin akwati ko durowa a ɗaki mafi sanyi, ba kan allon gaban mota ko bakin taga ba.

Na biyu laima. Unguwannin da ke kusa da Gulbin Rima da fadamarsa, irin su Kwalkwalawa, sun fi jin danshi da damina, musamman a watan Agusta. Takarda na shan danshi ta kumbura, amma fuskar roba mai sheƙi da ke kan wasu katunan ba ta sha, sai katin ya lanƙwashe kamar ɓawon gyaɗa. Maganin shi ne mazubi mai murfin da ke rufuwa ruf, a jefa 'yan ƙunshin silika jel, waɗannan fararen ƙwayoyin da ake samu a kwalin sabon takalmi. A ɗora mazubin a sama, kada a bar shi a ƙasa inda ruwa zai iya shigowa. Shi kansa ƙwanson kamfani ba a yi shi don ya shiga ruwa ba.

Na uku ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na bushewa, roba na jan ƙura, ƙurar kuma yashi ce mai laushi. Idan aka goge ta da riga, an yi wa katin gurza. A hure ta da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran kyamara, ko a share a hankali da ƙyallen goge tabarau mai tsabta. Leda kuma a zaɓi wadda aka yi don katuna, mara sinadarin PVC. Kada a ɗaure katuna da robar ɗaure kuɗi, kada a manna salatif a jikinsu.

Batun amana

Bayan an fasa, takardar maki ta rage a hannu. Kada a sayar da ita, kada a jefar da ita tare da ƙwanson. 'Yan damfara na neman irinta su rufe ta da katin jabu ko mai ƙarancin lafiya. PSA na karɓar irin waɗannan takardu don ya cire lambar daga ƙidayarsa ta yawan katunan da suka samu kowane maki, ƙidayar da masu saye ke dogara da ita wajen sanin ƙarancin kati. Wanda ba zai iya aikawa ba ya adana ta ko ya yayyanka ta.

Sanin yadda ake fasawa yana kuma taimaka wa mai saye. Ƙwanson da aka buɗe aka sake rufewa yakan nuna fari-fari kamar hazo a gefuna, ko alamar gam, ko ya riƙa motsi idan an ɗan murɗa shi. Duk wanda aka yi wa tallar kati a Facebook ko WhatsApp, ya nemi hoton gefuna huɗu da lambar shaida kafin ya tura kuɗi.

Wasu kuma na fitar da kati don su gyara shi a ɓoye: su rage gefe da reza, ko su cike farin kusurwa da alƙalami. Wannan ha'inci ne, kuma tarihin harkar ya nuna ƙarshensa. Katin farko da PSA ya tantance shi ne na Honus Wagner, wanda ɗan wasa Wayne Gretzky da abokin cinikinsa Bruce McNall suka saya kan dala 451,000 a 1991, ya kuma samu maki 8. A 2013 dillalin katuna Bill Mastro ya amsa a gaban kotun tarayya a Amurka cewa ya rage gefunan katin don ya ƙara masa kyau. Shari'ar zambar da aka yi masa ta ƙare da hukuncin ɗaurin wata 20. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda zai sayar da katin da ya fitar, ya faɗi gaskiya: daga ƙwanso ya fito, ga makin da yake da shi a da.

Kammalawa

Idan aka koma kan ɗalibin nan mai katin Ahmed Musa, abin da zai fara yi shi ne ya duba tsagar da kyau a haske. Idan a gefe ta tsaya, ba ta buɗe ba, ba ta kuma kusanci katin ba, ya sa ƙwanson a leda ya bar shi yadda yake, makinsa na nan. Idan tsagar ta buɗe ƙura na shiga, ya auna darajar katin: mai tsada a mayar wa kamfani ya sauya ƙwanso, mai arha kuma ya tanadi leda da robar ajiya, ya bi matakan nan takwas cikin natsuwa. Lamineshin kuwa babu shi a lissafi ko kaɗan. Fasawar ba ta wuce 'yan mintuna ba, amma ba a mayar da ita, don haka shawara ce ta cancanci a ba ta lokaci.